Layi Ɗaya a Fom Ɗin Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, sai dai Umma ta hana shi hawa tsani, shi kuma jira yake ta juya baya ya hau. Hawan jinin Umma ya daidaita, ni nake auna mata kullum da safe kafin in wuce aiki.

Na san an faɗa maka a waya cewa Auta ta samu gurbi a makarantar koyon aikin likita, don daga kicin ina jiyo muryarka kana ta hamdala. Da aka miƙo min wayar na ce hannuna da kumfa. Yaya, babu kumfa a hannuna. Abin da na kasa faɗa ranar shi ne zan rubuta maka, don kai ne ba za ka katse ni da nasiha ba sai na kai ƙarshe.

Ka san bana ne karo na huɗu da nake nema, ita kuwa na farko. Shekara uku ina aiki a ɗakin gwajin jini, ina liƙa suna a kwalabe, ina lallashin masu tsoron allura. Tare muka cika fom a teburin falo. A shafin ƙarshe akwai wurin da ake tambayar abin da mutum yake yi bayan karatu. Ni na rubuta karance-karance da aikin sa kai a asibiti. Ita ta rubuta wasan kokawa na judo, shekara tara, har ta kai matakin baƙar ɗamara, kuma tana koya wa mata ranar Asabar. Da ta ba ni in duba mata, na ce ta goge layin nan, likitoci masu nutsuwa ake nema, kada a ɗauka 'yar dambe ce ta ɓata hanya. Ta yarda da ni, ta goge a gabana. Washegari ta mayar, wai malamarsu ta judo ta ce shekara tara ba abin ɓoyewa ba ne. Har yau ina tambayar kaina ko don amfaninta na ba ta shawarar nan, ko don layin ya fi nawa kyau. Ban samu amsar da ta kwantar min da hankali ba.

Abin da ya fi ci min rai, ni na fara kai ta wurin. Ka tuna ina da shekara goma sha biyar na shiga, ita tana bina riƙe da gorar ruwa. Na yi shekara biyu, kuma na iya, malamar ma ta sha faɗa. Ranar da na dawo da yatsa a kumbure Baba ya ce wadda za ta zama likita ba ta wasa da hannunta, daga nan ban sake komawa ba. Auta kuwa ba wanda ya ɗora wa komai, aka bar ta tana ta faɗuwa a kan katifa, ana cewa ai gara ta rage ƙiriniya a can. Ni aka ajiye wa likitanci, ita aka bar mata wasa.

Rana ɗaya aka kira mu ganawa. Muka zauna a wani dogon baranda mai kujerun roba, ni da fayil ɗina cike da takardu, ita tana cin gyaɗa. Minti goma sha biyu na yi a ciki. Suka tambaye ni dalilin da nake son aikin, na zuba musu abin da na haddace, ɗaya daga cikinsu yana duba agogo. Auta ta kusa rabin awa, har dariya nake jiyowa ta ƙofa. A mota ta ba ni labari cewa wata dattijuwar likita ce ta ɗora yatsa a kan layin nan, ta tambaye ta ko ta taɓa ji wa wani ciwo. Ta ce ta taɓa goce wa ƙawarta kafaɗa, ta riƙe mata hannu har asibiti, ta yi wata guda tana zuwa gidansu tana rubuta mata darasi, kuma ta daɗe kafin ta iya sake kama wani a wasa. Daga nan hira ta ɓarke. Na ce mata madalla, na juya ina kallon titi.

A jarrabawa na fi ta da maki huɗu. Ba wanda ya ce min judo ne ya shigar da ita, ba sa faɗin dalili, wataƙila ma ba shi ba ne. Abin da na sani, sunanta ya fito, ni kuma ina jerin masu jira, lamba goma sha ɗaya.

Ranar Juma'a Gwaggo ta zo barka. Tun daga ƙofa take kiran ina Likita, ina Likita. Ka san tun ina firamare da sunan nan ake kirana a gidan nan. Na amsa daga ɗaki, har na miƙe, sai na ga ta wuce ni ta rungume Auta. Ba da gangan ta yi ba, ba ta ma lura ba. Umma ce ta lura, ta aike ni ɗauko kofuna da ba a buƙata.

Da Auta na yi min fariya da abin ya zo min da sauƙi. Amma takardar samun gurbin ma a ƙarƙashin kayanta ta ɓoye, in ƙawayenta suka kira sai ta fita tsakar gida. Shekaranjiya ta ce min tana addu'a mutum goma sha ɗaya su fasa, mu tafi tare. Na ce mata ta riƙe tausayinta, ba na so. Ta kalle ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Yarinyar da ke kayar da ƙarti, Yaya, sai ga idonta ya cika da ƙwalla. Ban iya ba ta haƙuri da baki ba, sai na wanke mata fararen kayan judon na goge na ajiye a kan gadonta. Ina son ta, Allah ya sani, kuma za ta yi likita mai kyau. Sai dai ina jin kishinta har cikin ƙashina, kuma kunyar hakan ta fi kishin nauyi. Ka sa ni a addu'a.

Yanzu ga roƙona. Jiya Umma ta ce, cikin lallashi, tunda abin sauraren ƙirjin nan da ka aiko min lokacin da na fara nema yana nan a kwalinsa, me zai hana in ba Auta ta tafi da shi. Na ce to. Amma ba zan iya ba. Don Allah ka saya wa Auta nata, mai kyau, ka aiko da sunanta a jiki kafin ƙarshen wata, kada ka ce ni na roƙa. Nawa zai zauna inda yake. In layi bai kawo kaina ba, zan sake cika fom baɗi.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da Babba da 'yan biyu, ka ce musu ina nan ina jiran hotunan da suka yi min alkawari. Baba da Umma suna gaishe ku, Kawu direba ma ya ce in isar da gaisuwarsa. Auta ba ta san ina rubutun nan ba, amma na san da ta sani da tata gaisuwar ta fi ta kowa tsawo.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka.