Taku Goma Daga Bango

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe shagon yau, wata biyar bayan rasuwar maigidana. Yaya, wansa, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon tocilolin. "Ƙanwata, wannan ba tukunya ba ce. Ba ni makullin in saka mai gyaran waya." Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Na ce masa na ji. Ji kawai na yi.

Laraba, 5 ga Maris

Mai Igiya ya zo, shugaban masu haƙar rijiya, babban mai sayen kayanmu. Yana son tocilar goshi guda shida, masu yin awa huɗu a ƙasan rijiya ba su dushe ba. Ya ce marigayi bai taɓa ba shi tocilar da bai gwada ba. "Ke kuwa, uwar ɗakina, kin iya?" Na ce shekara goma sha ɗaya ni ke riƙe masa agogo. In mutumin nan ya koma wani shago, ba ni da bakin yi wa Yaya magana.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗakin baya ba shi da taga, da rana tsaka ma duhu ne ƙirin. Wata takardar magani mai ƙananan rubutu tana manne a bango, layin allin da marigayi ya ja yana ƙasa, taku goma daga bangon. Ka kunna tocila a kan layin tana haska takardar, ka rufe ƙofa, ka leƙa duk minti ashirin. Da rubutun ya daina karantuwa, tocila ta gama, ko da tana ci. Haka yake yi.

Kwalin tocilar ya ce awa takwas. Ta farko ta ba ni minti arba'in. Ta biyu awa biyu. Ta uku ko leƙen farko ba ta kai ba. Kuma duk iri ɗaya ne. Kaina ya kulle.

Ƙamshin sabulunsa har yanzu yana ɗakin.

Juma'a, 7 ga Maris

Yaya ya ce in faɗi abin da kwali ya faɗa in huta. Ai ba shi zai shiga rijiyar ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Laifina ne, ba na tocila ba. Gwangwanin batura. Shi marigayi, mai cikakken caji kai sama yake ajiye shi, wanda ya sha aiki kai ƙasa. Ni kuwa satin da ya rasu hannuna ya rasa abin yi, na goge su ɗaya bayan ɗaya, na jera su duka kai sama, gwanin kyau. Sau nawa ya ce, "Sarauniyar tsafta, ki share ko'ina, ki bar min gwangwanina." Na zauna a ƙasa ina dariya, daga nan ban san abin da ta zama ba.

Ba zan gaya wa Yaya ba.

Talata, 11 ga Maris

Na cika duka baturan, na sake daga farko. Ƙaramar tocilar mai batir ɗaya, a mafi ƙarfin haske, awa ɗaya da minti goma, kuma tana zafi har goshi ba zai jure ba. A na tsakiya, awa huɗu da rabi, rubutu tar.

Babbar mai batir biyu ce ta dame ni. A littafinsa na gwaji, marigayi ya rubuta awa biyar. Ni uku na samu.

Alhamis, 13 ga Maris

Sau uku na gwada ta, da batura daban-daban. Uku ce.

Asabar, 15 ga Maris

Mai Igiya ya dawo, Yaya ma yana zaune kan benci kamar an aiko shi. Mai Igiya babbar yake so, don marigayi ya yabe ta. Na ce ba zan ba shi ita ya sa mutum a rami ba. Yaya ya ce, "Yanzu har kin fi mai shagon sani?" Na ce, "Yaya, ga ɗaki, ga agogo. Awa uku ne kacal, in kawo maka ruwa." Ya ce yana da wurin zuwa.

Mai Igiya ya ɗauki kowace guda ɗaya, zai gwada a wata rijiya marar zurfi. Da zai fita ya ce, "Allah ya ji ƙan mutumin nan, ya bar mana rigima."

Talata, 18 ga Maris

Babu labarin Mai Igiya. Na wanke kantar shagon sau biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai Igiya ya ɗauki ƙananan, shida. Babbar ta mace masa yana tsakiyar kwasar laka. Ya ce wata mai zuwa yana son batura goma sha biyu, gwadaddu. A gaban Yaya ya faɗa. Yaya ya yi ta kallon titi, bai ambaci makulli ba.

Bayan sun tafi na buɗe littafin, na ja layi a kan biyar ɗinsa, na rubuta uku a gefe. Siririn layi, ana iya ganin rubutunsa. Na ɗauka layin zai karkace, sai ga shi ya miƙe.

Biron ne dai mai kyau.