Darasi a Kunne, Hajiya a Bakin Tebur

Anti Mashkura, don Allah ki agaza mini, murna da damuwa ne suka haɗe mini.

Ni mai sayar da kifi ce a kasuwar Kado. Ina aji huɗu na bar sakandare da mahaifinmu ya rasu, yau ga shi har 'yata ta fari ta gama. Bara na shiga wani shirin karatu daga nesa, malamai na turo mana darasi ta waya, mu saurara, mu yi aiki mu mayar. Anti, ashe kaina yana ja! Makon jiya aka yi mana jarrabawar gwaji, na ci har lissafi, lissafin nan da ya sha sa ni kuka. Wallahi sai da na taka rawa a tsakar gida. Babbar jarrabawar ta kusa, har mafarkin takardar nake yi.

To, ba ni da lokacin karatu sai a kasuwa. Nakan saƙala iyafis a ƙarƙashin hijabi, hannu yana gyaran kifi, kunne yana wurin malam. Ba wanda ya sani, don kunya nake ji a ce gandamemiya da ni ina bitar aji. Ranar Asabar Hajiya Safara'u mai gidan abinci, wadda take sayen kifina tun ina da faranti ɗaya, ta zo ta yi sallama, ta tambayi yara, ni kuwa kaina a sunkuye. Ta gaji ta wuce teburin gaba, kuma ba ta dawo ba. Maƙwabciyata Vivian ce ta gaya mini, wai duk layinmu ana cewa na samu duniya na daina amsa gaisuwa. In bar karatun ne, ko in bar su su yi ta faɗa?

Ɗaliba mai ƙarnin kifi, Kado

Ɗalibata, barka da arziki, na taya ki murna har zuciya. Kada ki kuskura ki bar karatun nan.

Amma Hajiya ba ta yi laifi ba. Babba ta yi miki sallama a gaban jama'a kin yi shiru, ita kuwa ba ta ga abin da ke cikin hijabi ba. Ba karatu ne ya jawo miki wannan ba, ɓoyon ne. Gobe ki zaɓi kifi mai kyau, ki same ta har gidan abincinta, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ciro iyafis ɗin ki nuna mata. Ki gaya wa Vivian ma, kafin la'asar duk layi ya ji, kin huta.

Daga yau kunne ɗaya na malam, ɗaya na mutane, lissafi kuma ki bar shi sai kasuwa ta lafa. Malam yana cikin waya, ko sau nawa kika mayar da shi baya ba zai yi fushi ba. Hajiya kuwa mutum ce.

Allah Ya ba ki sa'a. Ranar da sakamako ya fito, ita za ki fara kai wa albishir.

Anti Mashkura