Sunan Baba Ɗan Azumi a Littafin Madam

Bordo, Faransa, Maris 1971

Ƙanena Hamisu,

Bayan sallama, ya Madarunfa, ya ƙafar Inna? Ka ce mata lafiyata lau, sai sanyi.

Akwai magana. Madam Kolet, wadda nake fassara wa hirarrakin dattawanmu, ta gama littafinta kan siyasar ƙasarmu, ita da wani malami Ba'amurke. Al'adarsu ce su jera sunayen waɗanda suka taimaka a shafin farko, godiyarsu ke nan. Sunan Baba Ɗan Azumi na Gabi ne a sama, alhali a ciki akwai labarin 'yan haramtacciyar jam'iyya da ya ɓoye a rumbunsa. Ni na rantse masa ba mai ji. Littafin kuwa zai kai Yamai.

Na ce ba na ƙara aiki sai an cire. Kwana uku ba ta kula ni ba, takardar jirgina kuma tana hannunta. Kada Inna ta ji.

Ka je Gabi da ƙafarka. Ka ce wa Baba Ɗan Azumi ya ƙetara iyaka zuwa Jibiya wurin ɗiyarsa tun kafin jandarma su zo. Ka ce ban san al'adarsu ba, ya yafe mini.

Allah ya rufa asiri.

Yayarka,
Dije