Murfin Akwatin Sukaina

Tahanawut, 9 ga watan Yuni

Zuwa ga yayata, Lalla Zubida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Si Allal da yara baki ɗaya. Allah Ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan da sanyin Beljiyam ke tayarwa, Ya kuma dafa miki a hidimar bikin da ke gabanki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana shan maganin hawan jininta in an tsare ta, in ba a tsare ta ba kuma sai ta ce shayi ya wadatar. Matata Mbarka ta warke daga murar da ta kwantar da ita. An gama rufin gidanmu na ƙauye, saura ƙofofi, kuma Inna ta riga ta rantse ba za ta ƙara yin wani azumin a gari ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da ko saƙon murya sai kin yi mini gori nake aikowa. Ba ra'ayina ba ne, umarnin Inna ne. Ta ce kada in kuskura in faɗa miki wannan magana ta waya, inda mutum zai yi ta kwana-kwana yana gogewa yana sakewa. Wai hannun da ya yi ɓarna shi zai riƙe alƙalami. Yanzu haka tana zaune a bakin shago kan kujerar masu jiran aiki, tana jan carbi tana harara ta. To ga ni na zauna, Lalla, kuma wallahi kunya ce fal cikina. Maganar akwatin auren 'yarki Sukaina ce.

Kin tuna bishiyar garga'ar Baba ta bakin rafi, wadda muke fasa 'ya'yanta da dutse har hannuwanmu su yi baƙi. Da ya sare ta, ya yi miki akwatinki, ya yi wa ƙanwarmu Fatuma nata, ya jingine sauran katakon a ɗakin ajiya, ya ce na jikarsa ta fari ne. Kin kuma san ƙa'idarsa: jikin akwati a harhaɗa shi yadda aka ga dama, amma murfin akwatin amarya falle ɗaya ne, ba haɗi, don kada gidanta ya rabu biyu. Falle ɗaya tak ya rage mai faɗin da zai yi murfi, wanda ya fito daga gindin bishiyar. Shekara ashirin da uku yana bushewa. Da girgizar ƙasa ta rushe ɗakin a kansa, ni da kaina na tono shi daga cikin ƙasa, ko tsagewa bai yi ba, na ɗauko shi a ka na kawo shagona don ya tsira. Lalla, wannan fallen na yanka.

Bari in gaya miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba, sai don ki san girman wautar ƙaninki. Kin san Bujuma'a mai walda, maƙwabcin shagona. Shi ya ja ni wani wasa da suke yi ranar Lahadi a wata tsohuwar gonar zaitun a hanyar Agafai, wai shi eyasof. Manyan mutane ne fa, har da likitan haƙori da malaman makaranta, su sa tabarau su rabu gida biyu, su yi ta harbin juna da bindigogin wasa masu tofo ƙwayoyin roba ƙanana kamar dawa. Wanda aka samu ya ɗaga hannu da kansa ya fita fili. Ranar farko dariya na yi musu, na ce tsufa ya zo bai tarar da hankali a gida ba. Lahadi ta uku kuwa ni ne kwance a bayan kututture da bindigar aro, ina haki kamar jakin da ya hau dutse, kuma ban ɓoye miki ba, na ji daɗin abin.

Sai suka sa ranar da kowa zai zo da shigar mutanen da, da bindiga mai kamar ta kakanni. Wasu suka ce za su yi odar nasu daga waje. Bujuma'a ya dube ni a gaban jama'a ya ce, haba Mu'allim Milud, kana jikan mutanen dutse, kana kafinta ɗan kafinta, a ce ka zo da robar kanti? Ya ce shi zai ciro kayan cikin wata tsohuwar bindigar wasansa ya zura su a dogon bututu, ni kuma in sassaƙa mata jiki irin na mukahala, doguwar bindigar gargajiyar nan da kakanmu ke ratayewa a zaure. Nan take kaina ya kumbura. Na ce musu su jira su ga aiki, wanda ko a gidan tarihi ba su taɓa ganin irinsa ba. Wannan bakin nawa shi ya fara yanka katakon tun kafin zarto.

Matsalar ita ce ƙotar mukahala ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana sauka ne ta lanƙwasa ta buɗe kamar wutsiyar kifi, kuma in jijiyar katako ba ta bi wannan lanƙwasar da kanta ba, wuyan ƙotar zai karye. Na gwada itace biyu, duk suka tsage a wuri ɗaya. Ina tsaye ina tsaki sai idona ya faɗa kan fallen Baba. Jijiyarsa ta kwanta daidai yadda nake nema, sai ka ce don haka aka halicce shi. Kwana huɗu ina wuce shi ina kau da kai. A na biyar na ce wa kaina ai fallen yana da faɗi, gefe kawai zan ɗiba, Sukaina kuma karatu take yi, aure ba yanzu ba. Na ja layi, na sa zarto. Ina cikin yanka na san ƙarya nake yi wa kaina, domin ni ne mai awo, na san abin da zai rage ba zai rufe akwati ba. Ban tsaya ba. Son zuciya, ɓacin zuciya.

Wata biyu na yi a kanta. Na yi mata ado da ƙashin raƙumi, na bi ta da zaren azurfa, na ɗaure bututun da zobba goma sha ɗaya, na shafe ta da mai har tana ɗaukar ido. Abin da ya fi ci mini rai, Lalla, ban taɓa yin aiki mai kyawunta ba, ko a ƙofar masallaci. Mbarka ta tambaye ni inda na samo katako mai kyau haka, na ce mata wani ne ya kawo daga Asni. Ta dube ni ta ce to, Allah Ya sa wanin nan ya san ya kawo.

Ranar wasan na sha jallabiya da rawani, na saɓa abata. Aka kewaye ni ana ɗaukar hoto. Likitan haƙorin ya ce Mu'allim, wannan bindiga ce ko sandar kaɗe zaitun, don ta fi ni tsawo da tafin hannu. Bujuma'a ya ce ku bar Mu'allim, ai in harsashi ya ƙare sai ya zunguro su daga nan. Ni dai ina ta murmushin manya. Aka busa usur, na ruga zan shige ƙarƙashin wata bishiya, bakin bindigar ya sarƙe a reshe, rawanina ya warware ya rufe mini tabarau. Ina kiciniyar ɓalle ta sai na ji tas, tas, a mazaunai. Na ɗaga hannu na fita. Minti huɗu aka ce na yi, kuma ko sau ɗaya ban harba ba. Suka yi dariya har da masu zama a ƙasa, na taya su, amma da na zauna a inuwa da ita a kan cinyata, sai na ga ba komai nake riƙe da shi ba illa murfin akwatin 'yar yayata.

Bayan sati biyu kika bugo waya da albishir an sa ranar Sukaina a watan Agusta, kina guɗa, kina cewa Milud a fara akwati. Kin ji na ce in sha Allahu, murya ƙasa-ƙasa, kika tambaya ko mura ce. Ba mura ba ce. Na je na gaya wa Bujuma'a, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, garga'a garga'a ce, in je kasuwar katako a Marrakush in sayo falle in shafa masa kala, wa zai sani, mutanen Turai da ko itacen ɓaure ba sa bambancewa da na zaitun. Zan so in ce miki na zage shi. Ban zage shi ba, washegari na je na sayo. Na jingine shi daidai inda na Baba yake, na tura ragowar na Baba bayan kabad.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun ci kuskus, Inna ta ce in kai ta shago ta sa wa katakon albarka kafin a taɓa shi. Ta tsaya gaban baƙon fallen, ta shafa shi, ta ce in juyo mata kansa na ƙasa. Na juyo. Ta duƙa ta duba, ta ce ina rubutun? Na ce wane rubutu? Ta ce ranar sunan Sukaina, da kika bugo waya gidan mai unguwa aka zo aka faɗa, Baba ya shiga ɗakin ajiya da fensirinsa na kafinta ya rubuta sunan yarinyar a kan fallen, ita tana riƙe masa fitila. Kin san Baba da rubutu, alama kawai yake yi wa katako. Ta ce ya fi rabin sa'a yana fama da haruffan, kuma iyakar saninta bai taɓa rubuta sunan kowa ba, har nata.

Lalla, na ga wannan rubutu. Ranar da na yi yankan na ga zanen fensir a kan fallen, na ɗauka lissafin awo ne, ban ko sunkuya ba. Na datse wurin don in daidaita bakin katakon, na jefa a buhun guntaye. Guntayen shagona kuwa kin san inda suke zuwa, wurin Ba Ahmad mai hura wutar gidan wanka na unguwa. Na shiga ciki na ɗauko bindigar na ajiye a gabanta, na jawo ragowar fallen daga bayan kabad. Na so ta mare ni, ko ta ɗaga murya. Ta daɗe tana kallon adon, sannan ta ce aiki ya yi kyau, hannun ubanka ne, sai dai shi ya san abin da ake yi da hannu. Shekarata hamsin da ɗaya, na tsaya a shagona ina kuka.

Yanzu ga abin da ke gabanmu, kuma Inna ta ce ke ce uwar amarya, ke za ki yanke. Ko in yi murfin da baƙon fallen, ya zama falle ɗaya kamar yadda Baba ya shar'anta, amma ba itacensa ba. Ko in kwance bindigar, in tsaga ƙotar, in haɗa da ragowar, murfin ya fito daga bishiyar Baba amma da haɗi har uku, kuma duk iya gogewata za a gan su. Murfin da Baba ya ajiye wa jikarsa dai babu shi, ni na ɓata shi, kuma ba ni da zaɓi na uku da zan ba ki. Jikin akwatin na gama shi, ban taɓa yin aiki da tsoron Allah kamarsa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki ce wa Sukaina girgizar ƙasa ce. Na san halinki na rufa mini asiri tun muna yara. In kun iso ni zan gaya mata da bakina.

Na je wurin Ba Ahmad a ranar Juma'ar nan. Ya ce Mu'allim, guntayen wata uku kake nema, ai rabin unguwa sun yi wanka da su. Duk da haka ya bar ni na zazzage tarin da ke bayan murhu, har la'asar ina tonawa. Na samu guntu ɗaya, bai kai faɗin tafin hannu ba, gefensa ya ƙone. Harafi biyu na farkon sunanta ne a kai, a karkace, yadda Baba ya danna fensirin har ya shiga itacen. Shi ne a cikin ƙyallen da Si Lahsan direba zai ba ki tare da wannan takarda. Ban ga ya dace ya ƙara kwana a hannuna ba.

Ki gaishe mini da Si Allal, ki ce masa na san abin da zai ce, kuma yana da gaskiya. Ki gaishe da yaranki Yunus da Ilyas, da amaryarmu Sukaina, Allah Ya sanya albarka a gidanta, Ya sa laifin kawunta kada ya taɓa shi. Mbarka tana gaishe ku, Fatuma da yaranta ma haka. Inna ta ce a gaya miki ki taho mata da man zafin nan na gwiwa. Ba zan taɓa murfin ba sai na ji daga gare ki. In kin ga dama ki yafe mini, in kuma sai kin zo kin dube ni ido da ido, zan jira.

Wassalam, ƙaninki,
Milud