Kifin da Yaya Ya Bar Mini

Lahadi, 3 ga Agusta

Yaya ya tafi yau. Kamfaninsu ya tura shi aikin wata huɗu. Ya bar wa Inna lambar waya, ni kuma ya bar mini kifi.

Kifin kwaɗo sunansa, in ji mai shagon da ya sayar masa. Na teku ne, sai ruwan gishiri. Bai wuce dunƙulen hannuna ba, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ba ya iyo irin na sauran kifaye. Hannuwa gare shi, da su yake takawa a kan yashi. Sati uku ke nan yana falo, cikin akwatin gilashin da ni na yanka na haɗa a wurin aiki.

A bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, Yaya ya ce, "Auta, abu ɗaya ne tak. Kar in dawo in tarar da labari." Na ce to. Inna ta ce ai zai kula. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci.

Na san dariyar. Shekara tara ke nan, amma a gidan nan kamar jiya ne. Zango guda cur ina sa kayan makaranta in fita, in je in zauna a shagon gilashi ina kallon yadda ake yanka. Inna ta sani ta yi shiru. Yaya ne ya kama ni. Tun daga ranar, ko gishiri na ce ya ƙare sai ya buɗe gwangwanin ya duba.

Na sayi littafin nan don ranar ciyarwa da ranar canjin ruwa. Rubutun nawa dai sai a hankali.

Alhamis, 7 ga Agusta

Jatan lande ɗaya. A siririn tsinken roba ake soka shi, a riƙa kaɗawa a hankali kamar mai rai. Minti ashirin ina tsaye, hannuna har ya yi tsami. Can sai ya ɗago 'yar fatsar da ke goshinsa, wani zare ne mai ɗan nama a kai kamar tsutsa, ya fara wasa da ita. Ban ga lokacin da ya ci ba. Tsinken kawai na gani ba komai a jiki.

Dogo mai shagon kifi ya ce sau biyu a sati, kar in ƙara ko da ya yi mini kallon maraya, don abinci in ya yi yawa ruɓewa yake yi a cikinsa. Inna ta ce wannan mugunta ce, a gidanta ko kyanwa ba ta wuni da yunwa.

A hannun kifin na hagu akwai ɗan tsagu, kamar an ɗan taɓa da almakashi.

Talata, 19 ga Agusta

Kifin ba ya jin daɗin wurin, na daɗe da gani. Ba komai a akwatin sai farin yashi da wani furen roba rawaya da Yaya ya saka don kyau. Yana so ya jingina da furen, furen ba nauyi, ruwan da injin akwatin ke turowa ya kaɗa shi, sai ya tuntsure. Ya tashi ya sake. A wuni ɗaya na ƙirga sau shida.

Na biya wajen Dogo bayan an tashi aiki. Ya ce, "Mai gilashi, kai a ajiye ka tsakiyar fili ba bango ba inuwa, mu ga ko za ka runtsa." Ya tsoma hannu a babban tankinsa ya ciro mini dutse, ja mai duhu kamar hanta, duk ramuka. A bokiti na kawo shi, cikin ruwansa.

Asabar, 23 ga Agusta

Ya hau dutsen. Hannu ɗaya a rami, ɗaya a tudu, kamar tsoho a ƙofar gida. Kwana biyu bai sauko ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Wasu ɗigo-ɗigo masu duhu sun fito masa a baya. Na ɗauka cuta ce. Ko karyawa ban yi ba na tafi shago. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai riga yake canzawa. Irinsu launin inda suke zaune suke ɗauka, sannu a hankali, sati da sati.

Yaya ya kira da yamma. Inna ta miƙo mini wayar.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"To ba ni Inna."

Na so in faɗa masa maganar launin. Ban samu wurin sa maganar ba. Kuma gaskiya so nake ya gani da idonsa, ya ce wani abu. Kyamarar wayata ta mutu tun bara.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ina ɗaki na ji Inna tana salati a falo, wai kifin ya ɓace. Na zo na nuna mata da yatsa. Ta manna fuska da gilashi, idon nata ba kamar da ba. Sai da ya yi hamma ta yarda ba dutse ba ne. Bakinsa in ya buɗe, rabin jikinsa ne.

Ya gama zama hanta. Ya yi ƙiba kaɗan. Har wasu 'yan gasu sun tsiro masa irin na jikin dutsen. Inna ta sa masa suna Dattijo.

Gishirin ruwa daidai. Na canza bokiti ɗaya.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Yaya ya dawo.

Na goge gilashin tun safe, ciki da waje. Ya shigo, ya gaida Inna, ya ajiye jaka, ya nufi akwatin. Ina tsaye a bayansa. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya zaro waya ya nemo hoton da ya ɗauka kafin ya tafi, ya kara a jikin gilashin. Rawaya a waya, hanta a ruwa.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaushe nawa ya mutu?"

Na ce shi ne, Yaya, launi ya canza. Na fara bayanin dutsen, maganar tana cin karo da juna a bakina. Ya juya ya tambayi Inna. Ita kuma, baiwar Allah, gaskiyarta ta faɗa: "Ni dai wata rana na duba ban ga kifi ba, sai Auta ya zo ya nuna mini wannan."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dafa kafaɗata. "Ba komai. Na yafe. Ka ma yi ƙoƙari da ka nemo wani, launin kawai ka rasa."

Daga nan ya buɗe jaka ya ba ni tsarabata. Takalmi ne, mai kyau, daidai ƙafata. Na ce na gode.

Da zagina ya yi, da na san yadda zan yi.

Litinin, 1 ga Disamba

Inna a kicin, tana wanke kofuna ba ta dube ni ba: "An ce an yafe maka, me kake nema kuma?"

Na ce, Inna, me na yi da za a yafe?

Ta ci gaba da ɗaurayar kofin da ta riga ta ɗauraye.

Laraba, 3 ga Disamba

Na ce masa mu je wajen Dogo ya ji da kunnensa. Ya ce, "Wanda ya sayar maka ne zai zama shaida?" Na ce to ya duba a waya, ai shi ya iya karatu. Ya ce ya duba tun daren da ya dawo. "Suna canzawa, na sani. Shi ya sa ƙaryar ta yi kyau."

Na nuna masa tsagun hannun hagu. Ya ce nasa ba shi da tsagu. Sati uku ya yi da kifin, bai taɓa gani ba. A hoton kuma furen roba ya rufe hannun.

Na yi tunanin in ba shi littafin nan. Amma wanda ya iya sa kayan makaranta zango guda, cika littafi ai ba zai gagare shi ba, haka zai ce. Kuma akwai maganar dariyarsa a shafin farko.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na cire dutsen.

Dogo ya ce in aka mayar da shi cikin rawaya zai iya komawa, sati uku, sati biyar, ko ya ƙi sam. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Don wa za a yi? Don kifin?" Sannan ya ce in kiyaye dai kar ya fito sararin iska, in ya haɗiyi iska ba ya iya fitar da ita.

Da tafin hannu na lallaɓa shi ya sauka, a cikin ruwa. Ya riƙe dutsen da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Dutsen yana ɗakina a bokiti. Na mayar da furen tsakiya, na ƙaro guda biyu, na manna takarda rawaya a bayan gilashin.

Sati biyar ba komai ba ne. Jira ai shi na fi iyawa.

Litinin, 8 ga Disamba

Bai ci ba. Rabin awa ina kaɗa tsinke. Daga wannan lungu zuwa wancan yake takawa, ya daki gilashi ya juyo. A kan farin yashi baƙi ƙirin yake, ko daga ƙofa ana hango shi. Ina jin ya sani.

Asabar, 13 ga Disamba

Bai ci ba.

Yau na ɓata gilashin taga a wurin aiki, layin ya kauce ya tsage har ƙarshe. Rabona da haka shekara biyu. Maigida ya ɗauki ɓarin ya juya shi, ya ce, "Jikinka ne a nan, kai ina ka tafi?" Ya ba ni wani ya ce in sha ruwa tukuna.

Inna ta daina tsayawa gaban akwatin. In za ta wuce sai ta kau da kai.

Laraba, 17 ga Disamba

Ya fara. Bakin wutsiya, da kewayen leɓe, wani siririn rawaya kamar an ja da alli. Na duba da safe, na duba da fitila, na duba a kashe. Yana nan.

Na yi murna. Bari in rubuta yadda yake: na yi murna har na yi tsalle ni kaɗai a falo, alhali cikinsa ya lotsa kamar an matse da yatsa. Kwana goma sha biyar rabonsa da abinci. Fatsar tana kwance a goshinsa, ko sau ɗaya bai ɗaga ta ba tun ranar.

Ban kira Yaya ba. Yanzu cewa zai yi hasken takarda ne. Sai ya kai rabin jiki. Sati biyu, in ji lissafina.

Sati biyu.

Juma'a, 19 ga Disamba

Da safe na same shi a lungu, ya kwanta ta gefe, ya jingina da gilashi. Numfashi sama-sama. Idon nan ƙarami yana bina.

Na tsaya da tsinke a hannu ban san iya mintin ba. Ina ta ƙirga sati biyu a kaina, yana ƙin zama.

Na shiga ɗaki na ɗauko bokitin.

Yaya yana shan shayi a kujera, zai fita aiki. Ya ce, "Kai kuma wasan me kake yi da duwatsu? Jiya a cire, yau a saka." Rawayan yana nan a wutsiya, taku uku ne tsakaninsa da shi. Na so in ce zo ka gani. Hannuwana duka biyu suna cikin ruwa, ina neman inda dutsen zai zauna ba tare da ya danne shi ba. Na ce gyara nake yi. Ya ajiye kofi ya fita.

Na yaye takardar. Furannin suna kwandon shara.

Lahadi, 21 ga Disamba

Ya hau. Da ƙyar, sai da ya huta sau biyu a hanya. Bai ci ba.

Talata, 23 ga Disamba

Ya ci. Rabin jatan lande. Inna ce ta fara ganin fatsar ta motsa, ta riƙe mini hannun riga har aka gama.

Lahadi, 28 ga Disamba

Rawayan ya kusa shuɗewa. Wanda bai san inda yake ba ba zai gani ba.

Abokin aikin Yaya ya zo da rana, ina canjin ruwa. Ya yi ta neman kifi a akwatin bai gani ba, suna dariya. Yaya ya nuna masa hoton waya. "Ka ga na ainihin. Ya mutu ina can. Ka san Auta." Ba da zafi ya faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara.

Na jira abin nan ya taso mini a ƙirji kamar kullum. Ina riƙe da tiyo, ina kallon ruwan yana sauka a bokiti. Ya ɗan zo, bai tsaya ba. Wataƙila gajiya ce.

Baƙon ya tsuguna kusa da ni. Na nuna masa ido, na nuna masa hannu a rami. Dattijo ya yi masa hamma, mutumin ya ja da baya har ya kusa zama a bokiti. Ya ce, "To wannan ɗin na waye?"

Yaya ya ce, "Tambayi Auta."

Na ce nawa ne.

Ban sani ba ko ƙarya na yi. Ban ji kamar na yi ba.