Kada a taɓa ɗinkin Inna

Yaya Sanusi, asuba ta yi, hadari na haɗuwa gabas. Ka dawo a gajiye, ban tashe ka ba. Na tahi Talata Mafara kiran likitan asibitin madatsar ruwa.

Naman da ya yanko daga ganɗar Inna ya ɗinka mata a dasashi, don haƙoranta su zauna, ya yi fari. Jiya Gwaggo Larai ta leƙa, ta ce ruɓewa ne, ta aika wa Bawa wanzami ya zo ya kankare. Likita kuwa ya ce in aka taɓa wurin, jinin zai yi wuyar tsayawa. Inna ba ta iya magana balle ta hana.

Bawa zai zo da hantsi, na ga yana wasa aska. Don Allah ka zauna ƙofar ɗakin Inna ka hana shi shiga, ko da Gwaggo za ta yi fushi.

Na shigar maka da akuyarka rumfa.

Yari