Hannun da na dafa gwiwa da shi

Malama, ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sakat. Ban yi boko ba, tela maƙwabcina ke rubuta min, kuma na hana shi gyara min magana.

Ni tsohon ɗan dako ne. A zamanina buhu biyu nake saɓawa in hau bene ban tsaya ba, yanzu yaran tasha ko gaisuwar kirki ba sa yi min. Ina da jika, 'yar ɗana, wadda nake kira amaryata, tana koyon zane mai motsi a kwamfuta. Aka ba su aiki su zana mutum yana tashi daga kujera. Ta sa na yi ta tashi ina zama tana kallo. Wai sai an fara kafa manyan zanuka, sannan a cike tsakaninsu, kuma yawan na tsakanin ke sa motsi ya yi sauri ko nawa.

Da ta gama ta nuna mana a falo, har da ƙawayenta. Manyan zanukan uku ne: ina zaune, na dafa gwiwa, na miƙe. A na tsakiyar nan ta tsayar da ni, na daɗe a duƙe kamar mai neman allura. Surukata, uwarta, ta yi dariya. Na zage yarinyar tas a gaban ƙawayenta, na ce ta yi min ƙarya, ta cire zanen tsakiyar nan.

Ta cire. Yanzu mutumin zabura yake kamar an tsikare shi, malaminsu ya ce babu rai a ciki, ta sake ko ta faɗi. Ni kuwa na rufe ɗaki na gwada tashi ban dafa ba. Malama, na kasa. Tana gaishe ni daga bakin ƙofa, ta daina tsokanata. Amma ai ita ma ba ta kyauta ba, ko?

Tsohon ɗan dako

Baba, sannu da ƙoƙari. Kana da gaskiya a wuri guda: ya kamata ta fara nuna maka kai kaɗai kafin ta tara mutane. Wannan kana iya faɗa mata, cikin laushi.

Sauran laifin naka ne, kuma ka riga ka sani tun da ka rufe ɗakin nan. Yarinyar ba ba'a ta yi maka ba. Abin da ake koya mata ke nan, ta gane inda nauyin jiki yake taruwa kafin ya tashi, da tsawon lokacin da zai tsaya a wurin. Ta kalle ka da kyau har ta gani. Jikoki nawa ne ke kallon kakansu haka?

A gaban mutane ka zage ta, to a gabansu za ka gyara. Kira ta falo, ka ce ta mayar da zanen. Sannan ka nuna mata yadda ake duƙawa a saɓa buhu, ko da matashin kai ne. Ka fi kowa sanin babu mai ɗaga kaya bai fara duƙawa ba, za ta samu manyan zanukan aikinta na gaba a wurinka.

Kada ka jira sai lokacin miƙa aikin ya wuce. Allah ya ƙara lafiya, ya ba amarya sa'a. Hannun nan kuma ka bar shi a kan gwiwa, shi ke tashe ka.